Hawashar Kwali

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Alhamis abin ya fara lalacewa. Na san lokacin domin na leƙa agogon Baba da ke rataye a ƙusa, na rubuta a saman shafi, kamar yadda nake rubuta komai a wancan zamani. Shekarata goma sha ɗaya, kuma ranar ce zan gwada wasan da na ƙirƙira da kaina.

Ƙauyenmu yana cikin Jazira, can gabas a kan hanyar Makka, inda kowane manomi yake da hawasha, wato gonar audugar da hukuma ta yanka masa, ruwa kuma yana zuwa ta tur'a, babbar magudanar ban-ruwa, kowa da ranarsa. Ni ba na iya tsalle, ba na iya waƙar gaɗa, in an yi baƙi bayan ƙofa nake tsayawa. Sai na samu kwalin shayi na buɗe shi, na zana tur'a da shuɗin alli, na yanka hawasha a gefenta. Ƙwallon dabino huɗu na shafa wa baƙin tukunya a gefe guda, su ake watsawa a ga taku nawa ruwa zai yi. Wanda ruwa ya iso gonarsa ya sami angurya, wanda ya fi tara angurya shi ya ci. Dokoki ashirin da uku na rubuta, kowace da lambarta.

Mutum biyu na kira. Asma'u, 'yar baffana, da Dije. Su Dije ba su da gona. A kambo suke, bukkokin 'yan ƙwadago da ke bayan tur'a, suna tsintar auduga a hawashar Baba. Ita kaɗai ce ƙawata. Ita ke magana a madadina in an aike mu kanti, ita ta san ina tsoron tsallake tur'a ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Na ba Asma'u hawasha, na ɗauki ɗaya. Dije kuwa na miƙa mata ɗan buhun da na ɗinka da tsumma.

"Ni ina tawa?" in ji ta.

"Ke mai tsinta ce. In ruwa ya iso, ki kwashe angurya ki kai wa mai gona."

"Tayyib. To mai tsinta ƙaƙa taka ci?"

Na duba littafina daga ɗaya har ashirin da uku. Na ce, "Ba ta ci. Taimako take yi." Ban faɗa da mugunta ba. So nake wasan ya yi daidai da yadda abin yake, har ina alfahari da hakan.

Dije ta yi dariya, ta yi wasan har ƙarshe. Ta sake zuwa sau biyu. Daga nan sai ta ce ƙafarta na ciwo, ko Inna na nemanta. Ni kuwa na tabbata akwai kuskure a kwalin, sai na duƙufa gyara. Na lura mai gonar bakin tur'a kullum shi ke ci, na sa ana sauya wuri. Na ƙara mai gadin ruwa, na cire shi. Na sa tsutsa tana cin auduga. Kwali na biyu ya fi na farko, na uku ya fi na biyu, har Asma'u ta daina hamma. Ɗan buhun nan dai ban taɓa shi ba.

Wuri ɗaya ya rage da nake ganin Dije, wato gaban murhun Kaka. Lokacin tsintar auduga lokacin sanyi ne, bayan magariba Kaka kan hura gawayi tana soya bunnu, wato 'ya'yan gahawa, mu kewaye ta da mayafai ta yi mana tatsuniya. Tana yarinya aka goyo ta daga ƙasar Sakkwato za a je Makka, tafiyar ta tsaya a nan, harshenta kuwa bai taɓa barin can ba. Ni Mufattisha take kirana, wai na yi kama da baturen duba gonaki saboda littafina. Da can ni da Dije mayafi ɗaya muke shiga. Wani maraice kuwa tana can ƙetaren wuta, hannuwanta duk karcen ƙwanson auduga.

"Mufattisha, aje takardag ga," in ji Kaka. "Ga ta nan tahe daga yamma, ƙahwa duk ƙura."

Muka ce, "Ta iso mu ba ta ruwa."

Labarin wani mutum ne a kan hanyar alhazai, gwanin dara. Ya sassaƙa allon dara na icen kanya wanda ba a taɓa ganin irinsa ba, ya kafa shi a gindin tsamiya. Duk matafiyin da ya zo wucewa sai ya kira shi wasa. In baƙo ya zauna sai ya ce, "Kai ba ka iya ba tukuna, riƙe mini duwatsu, in na ce miƙo ka miƙo." Shi ke buga gefensa, shi ke buga gefen baƙo. Matafiya suka riƙa gaya wa juna, har aka sauya hanya. Ya koma wasa da inuwarsa. Ita ma da rana ta take tsaka sai ta shige ƙarƙashin ƙafarsa ta ɓuya. Ya yi ta goge allon yana ƙara masa ado, yana cewa lalle bai yi kyau ba ne shi ya sa ba a zuwa, har ya mutu. Damina ta cika ramukan da ruwa, tsuntsaye suka riƙa sha.

"Amfanin da yay yi ke nan," in ji Kaka. "Ta ƙare, ku tashi kun cinye min wuta."

Na kwana ina tunani, na fito da darasina: ado ya yi yawa. Na rage dokoki suka koma tara. Kaka ta dube ni, ta dubi kwalin, ta ce, "Karatu dai akwai shi." Sai bayan makonni, ina zana kwali na bakwai, idona ya faɗa kan ɗan buhun, sai na gane inda kuskuren yake. Na yanka hawasha ta uku, na naɗe kwalin, na tsallake tur'a ni kaɗai. Bukkar su Dije ba ƙofa. Wata tsohuwa ta ce shekaranjiya lori ya kwashe su zuwa Damazin, aikin madatsar ruwa.

Na yi karatu a Rufa'a, na zama malama. Har yanzu ina yi wa ɗalibaina wasanni da kwali, an ce ma na iya. Kafin in ba kowa, nakan zauna a wurin da ya fi kowane muni in buga daga can. Wurin Kaka na koyi wannan, amma sai bayan ta rasu, kuma bai dawo mini da komai ba. Shekaru ina gaya wa kaina cewa kwana biyu kacal na makara, da Dije ta ga kwali na bakwai da shi ke nan.

Shekara goma sha shida bayan tafiyar su Dije aka tura ni Damazin. A kasuwa na gan ta tana sayar da shayi, da goyo. Ta rungume ni, ta ba ni kujera, ta ce har yanzu ina tafiya kamar mai neman gafarar ƙasa. Ta zuba mini shayi, na juya kofin a hannuna na ce:

"Dije, na gyara wasan nan fa. Na yanka miki hawasha. Da kin gani, da kin dawo?"

Ta ci gaba da fifita gawayi.

"Rabi, mi zan yi da gonar kwali? Tun asuba nike duƙe cikin audugar babanki. La'asar ta yi, in wanke hannu in taho gidanku in huta, wurin ƙawata. Sai kika miƙo min buhu."