Wilford Bitsilly Ya Fitar da Gadonsa Waje

Kullum kafin rana ta leƙo ta bayan jan dutsen Cove, Wilford Bitsilly ya riga ya fuskanci gabas ya watsa garin masara yana addu'a, ya buɗe wa tumaki, ya zauna shan kofi yana tari. Tarin nan tsarabar ramin yuraniyam ne, inda ya ƙare ƙuruciyarsa. Amma ba don haƙar dutse nake jinjina masa ba. Shekara arba'in da ɗaya shi ke binne mana matattu.

Na san dattawa za su tsuke baki, don mu 'yan ƙabilar Dine ba ma ambaton mutuwa. To, su yi haƙuri, shirun ya ishe ni. Ba ma taɓa gawa, ɗakin da aka cika a cikinsa kuwa fasa bangonsa ake yi ta arewa, a bar shi har abada. Idan ta faru sai a aika wa Wilford. Ya wanke, ya haƙa, ya rufe, ya karya shebur ya bari a wurin, ya share sawunsa, ya yi kwana huɗu bai haɗa kwano da kowa ba. Da ya fito kuma, mu ɗin nan da ya rufa wa asiri mu riƙa noƙe hannu in ya miƙo nasa a kanti. Abin kunya ne, har da ni.

Maƙwabciyarsa Marlene Tso ta ce a shekarar annoba ta gan shi yana hura wuta a kan daskararriyar ƙasa don ta haƙu, mutum uku a mako guda, shi kaɗai.

Yanzu likita ya ce huhun ya gama. Watan jiya na je gaishe shi, na tarar da gadonsa a rumfar rassa, sanyi na ratsa ƙashi. Matarsa Nezbah tana tsaye da bargo, idonta ya kaɗa.

“Tsohon nan, taurin kai zai riga ciwon nan kai ka ƙasa,” in ji ta. “Shigo ciki.”

“In ta same ni a ciki, ina za ki kwana? Uwarki ce ta gina ɗakin nan.”

Na yi ta maza na tambaye shi wa zai yi masa abin da ya yi wa mutane. Sai ya turo leɓe ya nuna sabon shebur jingine da garken tumaki. “Na tanadi wannan. Hannun ne ban samu ba.”

Kai ne ka ɗauki abin da muka guje wa, Kawu Wilford. Kai ne ka zaɓi sanyi don kada Nezbah ta rasa ɗaki. Mun gode, ko da godiyar ta makara.

Jama'a, kada mu bar tsohuwar nan da shebur. Ni dai na yi masa alkawari. Amma a al'ada aikin na mutum biyu ne. Saura ɗaya.