Yadda Maharazu Tela Ya Zama Bahago

Duk tsohon Illela da ka tambaya wa ya fara shiga jam'iyyar masu majigi a garin, zai ce maka Bahago. Alhali kuwa Maharazu Tela da dama yake cin tuwo, da dama yake riƙe almakashi, har ya koma ga Allah. A bakin aiki ya tsinci sunan.

Zamanin Turawa ne, shekarun da motar majigi ta fara zuwa daga Sakkwato. Maharazu na da keken ɗinki a bakin kasuwa. Ranar da aka fara haska majigi a ƙofar hakimi, jama'a na kallon farin ƙyalle, shi kuwa ya ba ƙyallen baya ya ƙura wa injin ido. Ya iso gida yana haki, ya ce wa matarsa Ummu ya gano asirin Bature: keken ɗinki ne aka sa wa fitila. Kakat-kakat ɗin iri ɗaya, haƙoran da ke jan zaren hoto iri ɗaya. Ummu ta ce to madalla, sai ya haska wa maƙwabta wando su kalla.

Masu majigin nan mutum biyar ne rak a jam'iyyarsu. Malam Attahiru na Sakkwato shi ne shugaba, Idi kuma mai injin Faransa ne daga Kwanni. Sau ɗaya a shekara suke taruwa a Illela, don nan ne Idi ke iya tsallako iyaka. Su yi musayar ƙwan fitila, su koya wa juna dabara, su yi gardamar injin wa ya fi. Dokarsu kuwa abin sha'awa ce: ba mai taɓa inji sai ɗan jam'iyya, ba mai shiga jam'iyya sai wanda ya taɓa gyara inji. Shekara uku Maharazu na zagaya wannan doka da goro, bai ga ƙofarta ba.

A ta huɗu, cikin zafin bazara, ƙofar ta buɗe da kanta. Hakimi ya gayyato mutanen Amarawa da Kalmalo su ga hoton wanke hannu kafin cin abinci. Ana gwaji da la'asar zaren hoton ya tsinke wuri biyu. Attahiru ya buɗe kwalbar gam ya tarar ta daskare. Ta Idi ma haka, duk da cika bakin da yake yi da kayan Faransa. Sai ga Maharazu da allura a maƙale jikin hula.

"Mi kake so, Tela? Wannan ba taguwa ba ce," in ji Attahiru.

"Malam, duk abin da ya yage nawa ne."

Attahiru ya dubi rana, ya dubi 'yan ƙauye da suka fara sauka daga jakuna. Ya ce in ɗinkin ya ratsa injin, aka kuma kai ƙarshen hoto jama'a ba su watse ba, ya shiga jam'iyya. In ko ya tsinke, kada ya sake kawo musu goro.

Maharazu ya zauna da zaren siliki, ya zura shi a allura. Ya lura guntun da ya fita tsakanin tsinkewar biyu ya ƙarje ta fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuwa sai ƙyalli. To, tela ne. Wuyan riga in ya koɗe juya shi ake yi. Ya juya guntun, ya ɗinke, yana jin ya yi wa jam'iyya gyara biyu.

Bayan magariba aka kunna. Mutumin cikin hoto ya wanke hannu tas, ya zauna gaban akushi. Ɗinkin farko ya wuce sumul, Maharazu ya yi tsalle. Sai mutumin ya miƙa hagu ya yanko loma.

Wurin ya ɗau salati. Wani dattijo daga Kalmalo ya miƙe ya karkaɗe buzunsa, ya ce bai baro kifinsa don a koya masa cin tuwo da hagu ba. Mutane suka fara neman takalma.

Maharazu ya gane juyin da ya yi wa guntun ne ya mai da dama hagu, bai jira izini ba. Ya kashe injin da kansa, yana roƙon jama'a su ba shi tsawon cin goro ɗaya. Gam in ya kama sai almakashi, zare kuwa warwarewa ake yi. Idi ya riƙe masa fitila yana dariya har hasken na rawa. Ya warware, ya juyo, ya sake ɗinkewa, ya zura a haƙoran injin kamar shekara goma yana yi. Mutumin hoto ya dawo ya ci da dama. Dattijon ya shimfiɗa buzu, ya ce yanzu ya ga ɗan mutunci. Aka kalla har ƙarshe.

Attahiru ya yanko masa ɗan guntun zaren hoto, alamar 'yan jam'iyya, ya ce, "Ɗinka a hularka, Bahago. Amma kada ka juya shi."

Shekara ashirin ya yi yana bin motar majigi. Jam'iyya ta ƙara doka ta uku, kowa ya riƙa yawo da allura. Matasan Illela kuwa duk zuwansa sai sun roƙe shi ya sa musu na hagun. Bai taɓa yarda ba, sai ranar sunan 'yarsa, shi ma sai da Ummu ta matsa.