Agogon Maigidana da Alwalar La'asar

Ina zuba wa maigidana ruwan alwalar la'asar, sai na ga ya wanke sama da agogon hannunsa, ya wanke ƙasa da shi, ya bar wajen maɗaurin a bushe.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ce. Wata bakwai ya yi yana zarya kantin Turawa a unguwar Adum da ke Kumasi, da kuɗinsa a hannu, suna ce masa irin wannan agogo ba kowa ake sayar wa ba. Sai da wani babban akawu ya tsaya masa. Tun ranar da ya ɗaura shi, manyan 'yan goro na Zango suka fara matsa masa wuri a kan benci.

Na ce a hankali, "Malam, ruwa bai kai nan ba."

Ya ce, "Hajara, mu uku ne kaɗai ke da irinsa a Kumasi kaf. Baturen kantin ya ce kada ya jiƙe."

"To, a cire mana."

"In cire, Alhaji Sani, babban 'yan goro, ya shigo ya gan ni hannu wayam?"

Na ce, "Ashe Alhaji Sani za a yi wa sallar."

Can ya kwance agogon ya miƙo mini, ya sake alwala daga farko.

Daga ranar ni na zama mai riƙo, sau biyar kullum, ina kaffa-kaffa kada ya suɓuce. Sallarsa ta gyaru, alhamdulillahi, amma ni kam na gaji.

'Yan uwa, ku faɗa mini, tsakaninmu da agogon nan wa ya mallaki wani?