Kaskon da na fasa a gaban kwamiti

A shekarata ta biyu a Doha aka ce kowa ya kawo batun da zai rubuta kundin digirinsa na biyu a kai. Ni tuni na san nawa: baƙaƙen tukwanen Etruskawa, mutanen da suka zauna a tsakiyar Italiya kafin Rumawa su haɗiye su. Tukwanen baƙaƙe ne wuluk, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Ranar da na fara ganin hotonsu a aji nan take na gane baƙin, don kakata maginiyar tukwane ce, kuma irin baƙin nan na tashi ina gani a tsakar gidanta.

Malamin da ke duba aikina, wani dattijon Bature, ya karanta takardata ya ture ta gefe.

"Ke 'yar Najeriya ce," in ji shi. "Ki yi a kan kayan Afirka mana. Wannan ba fagenki ba ne, kwamiti ba zai amince ba."

Kai! Shi da ya ƙarar da rayuwarsa a kaburburan Masar, wa ya taɓa ce masa ya koma ya yi na garinsu? Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce, "Malam, a ba ni mako uku, kwamitin ya faɗa mini da bakinsa." Na san in suka ƙi, shi ke nan, sai abin da suka zaɓa mini.

Na sayo yumɓu a wani shagon kayan zane a unguwar Al Mirqab. A ɗakina na Al Muntazah na gina kasake uku, na yi ta goge su da bayan cokali tunda babu dutsen gugar kakata. Sannan na kira ta a waya. Ta yi dariya har da tari.

"Ke 'yar nan, har ƙasar Larabawa kika je koyon ginin tukwane? To, in sun yi jajur a wuta ki rufe su ruf da ƙaiƙayi, kar iska ta shiga. Hayaƙi ke yin aikin. Kuma kar ki leƙa, na san ki da garaje."

Ina ƙaiƙayi a Doha? Garin katako na roƙo wajen wani kafinta, ranar Juma'a na fita bayan gari da rabin ganga da gawayi. Na gasa su ɗaya bayan ɗaya, ina rufewa da garin katakon, amma na leƙa mana. Iska ta shiga, biyun farko suka fito dabbare-dabbare. A na ukun na daure, na juya masa baya har ya huce.

Ranar zaman kwamiti wata malama ta jujjuya kaskon, ta ce fentin ya yi kyau. Fenti! Na karɓe shi na doka da gefen tebur, ya rabe biyu. Waje baƙi, ciki baƙi, har tsakiyar yumɓun, daidai da na Etruskawa.

Malamina ya ɗauki tsingaro ɗaya ya daɗe yana kallo. "A wane littafi kika samo wannan?"

"Wajen kakata," na ce. "Ba ta taɓa shiga aji ba, kuma sunanta zai fito a jerin manazarta, ko kun so ko kun ƙi."

Suka sa hannu, shi ne ma na farko. Da na kira ta da albishir, ko kwamitin ba ta tambaya ba.

"Uku kika gina," ta ce. "Sauran biyun fa? Leƙawa kika yi, ko?"