Ƙyauren da Aka Shimfiɗa a Kan Kwata

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran kakana, masassaƙin ƙofofi, a ɗan ɗakinsa na bayan gida wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Kaka, ka tafi hannunka na ƙamshin katako. Ni kuwa ka bar ni zuciyata na tafasa, kuma ba zan ɓoye ba don ana zaman makoki.

Ka zo ƙasar nan kana saurayi, da gizago ɗaya, da wuƙaƙen sassaƙa naɗe cikin tsumma, da katakai biyu da aka tsago daga itace ɗaya a garin da aka haife ka. A danginku mutum ɗaya ba ya sassaƙa ƙofar gida. Uba ya yi ƙyauren hagu, ɗa ya yi na dama, kowa ya jero alamomin kakanni daga sama zuwa ƙasa, ya rufe da tasa. Ka gama naka tun kafin a haifi mahaifina. Na daman ka jingine wa babban ɗanka, Baffa.

Baffa kuwa kunyar asalinmu yake ji, ba ya so a san mu baƙi ne. Ya hana ka yi wa jikokinka yarenku. Ya kwashe kayan aikinka daga zaure ya jibge a bayan gida, in abokansa sun tambaya ya ce ai tsohon kafinta ne. Da ruwan sama ya zaizaye bakin ƙofarmu, sai ya ɗauki katakon dama ya shimfiɗa a kan kwata don a riƙa takawa a shigo. Kowa ya taka, baƙi da 'yan gida, manya da yara.

Kai kaɗai ne ba ka taɓa ɗora ƙafa a kai ba. Da furfurarka da ciwon gwiwarka kake tsallake kwatar nan. Bayan rasuwar mahaifina na dawo gidan da zama, wata rana na ga ka kusa kifewa, na ce, "Angona, da tsufanka kake wasan tsalle?"

Ka yi dariya ka ce, "Amarya, ƙofar gidanmu ce. Ba zan taka ta ba."

Ranar ka zaunar da ni ka ba ni labarin mutanen da ban taɓa jin sunansu ba. Ka nuna mini a jikin ƙyauren hagu alamar kakanka mai kama da ganye, da ta mahaifinka mai kama da kifi, ka koya mini yadda ake kiransu da harshen da aka hana ka. Washegari na sa aka ɗago katakon, aka aza ƙarfe a wurin. Na wanke shi har hannuna ya saɓule, amma baƙin tabon da ruwan kwata ya bari a tsakiyarsa ya ƙi fita. Ka shafa tabon ka juya mini baya, don kada in ga idonka.

Ba ka taɓa cewa mace ba ta riƙe gizago ba. Ran da na fara yanke yatsa, ka ɗaure mini da tsumman wuƙaƙenka, ka ce wuƙa ce ta gaishe ni. Yaran unguwa duk sun ci abinci da cokulan da ka sassaƙa musu, kuma in ka ji ƙofar maƙwabci na kuka, kai kake zuwa da kanka ka gyara.

Jiya, a gaban masu gaisuwa, Baffa ya kafa labarin cewa mu gidan fasaha ne tun kaka da kakanni. Yanzu da aikin hannu ya zama abin yayi, ya tuna da asali. Ya ce mini, "Yarinya, ki sa a kai ƙyauren tsoho falona, gadonmu ne."

Na ce, "Baffa, rabin gadon ai shekara da shekaru yana kan kwata. Ba ka gan shi ba?"

Kaka, ka roƙe ni in yafe masa. Kai ka yafe, don kai ka haife shi. Ni ban kai nan ba tukuna. Ƙyauren hagu ba zai je falon kowa ba. Zan gama na dama da wuƙaƙenka, in jero ganyen, in jero kifin, in sa alamarka. A ƙasanta, inda ta Baffa ya kamata ta zauna, nan tabon ya faɗo, kuma zan bar shi yadda yake, ba gogewa ba fenti, sannan in sa tawa. Zan kafa ƙyauren biyu a bakin zaure inda Baffa yake shiga da fita kullum. Duk baƙon da ya yi tambaya a kan baƙin tabon nan, zan gaya masa na wane ne.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya haskaka kabarinka, ya buɗe maka ƙofar Aljanna, ya sada ka da iyayen da ka baro ba ka sake gani ba. Ina miƙa ta'aziyya ga gwaggonnina, da 'yan'uwana jikoki, da maƙwabtan da suka san darajarka. Allah ya ba mu haƙuri. Baffa kuma, Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar ido.