Littattafan Ruwan Kawu

Ruwan jiya ne ya tuna mini da marigayi kawuna. Shekara da shekaru yana ajiye gwangwani a tsakar gidanmu a Alabar. Ruwa na ɗaukewa zai tsoma rula ya auna, ya rubuta da ajami.

Da ma'aikatan laburaren jami'a suka zo neman littattafan, na ce, "Kawu, kada ka ba su. Za su kwashe su manta da kai."

Ya shafa takardun da suka yi ja, masu ƙanshin turare, ya ce, "'Yata, ruwan ai ba nawa ba ne. Su ɗauki hoto, kowa ya gani."

Yau masu binciken ambaliya da rubutunsa suke aiki. Allah ya sa ya zame masa sadakatul jariya, ya haskaka kabarinsa.