Talabijin Ɗin Da Na Kafa Mata a Bango

Matata ce ke buga tulu a zumuntar matan cocinmu a Samaru, tun yaranmu suna goye. Tulun ƙasa ne take ɗorawa a gabanta, ta dinga bugun bakinsa da hannun dama, mata suna waƙa suna bin kiɗanta. Ni malamin lissafi ne a sakandare, ba ni da murya. Nawa dai in zauna a bencin baya in riƙe mata jaka.

Wata Asabar da damina, sai matata ta faɗi a bakin murhu. Hawan jini ne, in ji likita. Da muka dawo da ita gida daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta koma kalma ɗaya-ɗaya, ita ma da ƙyar. 'Yarmu tana aure a Jos, ɗanmu yana aiki a Kaduna, don haka ƙanwarta ce ta taso daga ƙauye ta zo zaman jinya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne in dawo daga makaranta in tarar da ita ta zuba wa silin ido. Na ɗauko tsohon talabijin ɗinmu mai ƙaton baya daga falo na ɗora a kan kujera kusa da gado, amma sai ta karkata wuya kafin ta gani, wuyan kuma ba ya jurewa. Haka muka haƙura.

A lokacin ne talabijin masu faɗi, waɗanda ake kira filasma, suka fara shigowa Zariya. Na fara ganinsa a wani gidan kallon ƙwallo da ɗaliban jami'a ke cikawa, an manna shi can sama a bango kamar allon aji. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, ba ƙwallon ba. Ina da wani faifan sidi a gida na taron mata da aka yi a Kafanchan kafin ciwon, inda ita ce ta ja kiɗa. Ba ta taɓa samun sukunin zama ta kalle shi ba. Na ce a raina, in ta ga kanta tana bugu, jikin zai tuna.

Na shiga bas zuwa wani shagon talabijin a Sabon Gari. Mai shagon ɗan kudu ne amma haifaffen nan, Hausarsa ta fi tawa santsi. Ya jera su a kunne, duk suna nuna abu ɗaya.

"Baba, na falo ne ko na ɗakin amarya?" ya ce yana dariya.

"Na majinyaciya ne. A kwance za ta kalla."

Dariyar ta tsaya. Na roƙe shi ya ba ni kwali, na shimfiɗa a ƙasan shagon, na kwanta rigingine da kayan aikina a jiki, yaransa biyu suka riƙa ɗaga talabijin ɗaya bayan ɗaya ina dubawa daga ƙasa. Wani in ka kalle shi daga nan sai fuskoki su yi duhu. Masu wucewa suka fara leƙowa, mai shagon ya kore su.

Ya ba ni shawarar in ɗauki matsakaici, ya ce babba ya yi wa ɗakin kwana yawa. Na ƙi. Na nuna mafi girma a cikin waɗanda suka yi kyau daga ƙasa.

"Ina so ta ga fuskoki sosai," na ce masa.

Ya haɗa ni da ƙarfen maƙalawa mai sunkuyowa gaba, da wani mai aikin lantarki da zai kafa. Muka ɗauki shatar tasi, muka zauna a baya mun rungume kwalin a tsaye, duk ramin da motar ta faɗa daga Kwangila zuwa Samaru sai gabana ya faɗi.

Gidanmu a Hayin Dogo na bulon ƙasa ne da aka shafe da siminti. Mai aikin ya ƙwanƙwasa bangon ya ce ƙusa ba za ta riƙe wannan nauyin ba, sai dai a huda har falo, a sa katako ta can baya, a ɗaure da dogayen noti. Na ce a huda. Amma kafin nan sai an san tsayin. Na ɗaga kwalin da babu komai a ciki na manna a bango, na ce, "Maman yara, in ya zo daidai idonki ki ɗaga hannu." Na yi sama, na yi ƙasa, na hau kujera na kusa kifewa. Sai na ji wani sauti daga gadon. Dariya take yi da rabin bakinta. Tun da ta faɗi ban ji ta ba sai ranar.

"Nan," ta ce.

Muka ɗauke ta zuwa falon maƙwabta saboda ƙarar injin huda bango. An ɗauke wuta, sai da muka aro janareta. Kafin la'asar an gama, an share, mun mayar da ita gado, mai aikin ya tafi. Ina fito da faifan daga aljihu, ƙanwarta ta ja ni gefe.

"Yaya, ka tambaye ta kuwa?"

"Ba-zata nake so in yi mata."

Ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Hoton ya fito tar, har zaren zanen da matan suka yi anko da shi kana gani. Mai ɗaukar ya bi layin mata, ya zo kanta ya tsaya. Fuskarta ta cika bangon, ta fi ta gaske girma, gumi na zuba, baki a buɗe tana jan baiti. Sai ya sauko kan hannunta na dama yana tashi yana sauka a bakin tulu, da sauri har ido ba ya bi.

Ni ina kallon bango ina murmushi. Na ji ta ce, "Ka... ka..." Na ɗauka ƙara take so in yi. Na ƙara murya.

"Yaya, kashe take cewa!" ƙanwarta ta daka mini tsawa.

Da na juyo, idonta ba ya kan talabijin. Hannunta na dama take kallo, inda yake ajiye a kan bargo, jijiyar wuyanta ta tashi tana ƙoƙarin ɗaga shi. Ko yatsa bai motsa ba. Hawaye na gangara mata cikin kunne. Ba ta iya juya wa abin baya, don na kafa shi daidai inda idonta ke sauka. Na lalubi madannin na kashe. Sai gilashin ya yi baƙi ya zama madubi, ga gado, ga ta a kwance da karkataccen baki. Tun daga asibiti muke ɓoye mata madubi. Ta rintse ido. Ƙanwarta ta cire zanen da ta yafa ta rufe talabijin ɗin da shi.

Na durƙusa a bakin gadon na ce ta yafe mini, gobe da sassafe zan sa a cire. Ta daɗe ba ta buɗe ido ba. Daga baya ta ce, "Bari." Na sake cewa zan cire, ta sake cewa bari. Ƙanwarta ta ce mini a kicin, wai ba ta son wahalata ta tashi a banza ne. Ban sani ba ko haka ne.

Talabijin ɗin ya zauna a rufe har kaka ta shigo. Wata Lahadi na dawo daga coci, ina ba ta kunu, ta nuna bangon da ido ta ce, "Waƙa." Na miƙe zan janye zanen, ta ce a'a. Na sa faifan da zanen a kai, haske na motsi ta bayansa, muryarta na fitowa. Ta rufe ido, hannun hagu yana ɗan bugun katakon gado, yana makara, yana cimma kiɗan, yana sake makara. Daga nan duk Lahadi haka muke yi. Ko sau ɗaya ba ta yarda an ɗaga zanen ba. Har yau ban san ko don kanta take saurara ko don ni ba.

Ciwon ya sake bugunta ana saura kaɗan Ista, wannan karon ba ta dawo daga asibiti ba. Muka kai ta gida ƙauye muka binne.

Da muka dawo Samaru, ɗanmu ya ce zai mayar mini da talabijin ɗin zuwa falo, ya rage mini kewa. Na ce ya tafi da shi Kaduna. Ya riƙe shi ta ɗaki, ni ina kwance notin ta falo, sifana tana zamewa. Da abin ya sauko, haske ya ratso ta ramukan daga falo ya faɗa kan gado.

"Baba, in kira mai siminti ya toshe kafin in tafi?"

Na ce ya kama hanya kada ya rasa mota, zan kira da kaina. Na raka shi bakin titi, na taya shi riƙe kwalin har aka ɗaure a bayan tasi. Na dawo na zauna a dakalin ƙofar gida, na kasa shiga.